Wanda Yake Amsawa a Layin Kawunki

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin natsuwa, ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe, ya rufe ki daga idon wanda ba ya nufin ki da alheri.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, ɗakinki na kallon nawa, in rubuto miki takarda. To ke ma kin san dalili. Ke ƴar fari ce. Shekara goma sha tara ban taɓa zaunar da ke na kalli tsakar idonki mun yi doguwar magana ba, kuma ko na gwada yau bakina ba zai buɗe ba. Kada ki yi wa rubutuna dariya, na yaƙi da jahilci ne, ba irin naku na masu bak da kuka gama sakandare ba. Ki tura ƙofa kafin ki karanta, kada ƙannenki su leƙo.

Tun da aka ce za ki tafi karatu Damagaram kowa ya zo miki da nasa wa'azin, har da waɗanda nasu ƴaƴan suka gagare su. Ni ba ni da wa'azi. Ɓarna ce na yi da hannuna, kuma ke ta shafa. Akwai wani mutum a duniyar nan, ban san fuskarsa ba, ban san garinsu ba, wanda ya san sunanki, ya san kamanninki, ya san ranar da aka ce za ki shiga mota. Ba sata ya yi ba. Ni na miƙa masa, ɗaya bayan ɗaya.

Kin tuna kawunki Sale, ko da kina ƙarama. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni na goye shi. Ya biyo ni daga Damagaram bayan an kawo ni Diffa, ya kama sayen bandar kifi a Barwa yana kawowa gari. Shi ne mai saɓa ki a wuya ya kai ki bakin kogin Komadugu kallon masu fito, ki dawo kina ƙarnin kifi in yi ta masifa. Lokacin da ƙasar bakin tafki ta rikice, ya fita wata safiya ya ce kwana biyu zai yi. Ba mu sake ganinsa ba. Babanku ya bi har Yebi, rumfa rumfa cikin waɗanda suka gudo, yana nuna hotonsa. Wani ya ce a jirgin ruwa ya gan shi, wata ta ce a ƙasa ta gan shi yana tafiya. Iyakar abin da muka samu ke nan.

A nan na fara kuskure. Akwai bidiyon da aka ɗauka ranar sunan ƙaninki Bashir, Sale yana rabon goro yana surutunsa da ba ya ƙarewa. Na ɗauke shi na watsa a duk gurup da nake ciki, a koren abin nan na waya da muke tura vokal, wato saƙon murya: na ƴan kasuwa, na dangi, na matan unguwa. Na haɗa da lambata, na ce wanda ya gan shi ya kira ni don Allah. Ban tsaya tunanin inda zai tsaya ba. Ashe ba ya tsayawa. Bayan shekara biyu wata mata daga Maine ta turo mini shi, ni mai shi, wai in taya su yaɗawa. Don haka ki ji: abin da kika tura ya bar hannunki ke nan. Ko kin goge naki, na mutane yana nan. Kafin ki danna, ki tambayi kanki ko kin yarda baƙon da ba ki taɓa gani ba ya riƙe abin nan shekara goma.

Lambarsa kuwa ban daina kira ba, har na haddace maganar matar nan da ke cewa a kashe take. Sai na koma tura masa vokal. Bayan azahar, in kasuwa ta lafa, ina zaune tsakanin buhunan tattasai, sai in danna in yi ta magana. In ce masa Inna ta rasu. In ce masa ruwa ya ci gonaki bana, an yi wa Bashir kaciya, Uwani ta shiga lise, babbar sakandare. Kin san ƴar alamar nan ta gefen saƙo, ɗaya in ya tafi, biyu in ya isa. Shekara da shekaru ɗaya nake gani. Bai dame ni ba, wurin magana na samu.

Bara, wata Talata, rana tsaka, kasuwa ta cika maƙil, na tura masa cewa zafin bana ya fi na bara. Na ajiye wayar kan buhu na auna wa wata mata tiya biyu. Da na ɗauka sai na ga alama biyu. Ina kallo suka sake launi, wato an saurara. Uwani, hayaniyar kasuwar nan kaf ta ɗauke daga kunnena. Ya Falmata, da rumfarta ke jikin tawa, ta taɓa ni ta tambaya ko ciwon kan ne ya tashi. Na ce shi ne.

Ba hoto a lambar, ba suna. Na kira, ba a ɗauka ba. Na tura vokal, aka saurara. Na sake, aka saurara. Wata biyu cur muna haka, ni in yi magana, wani can ya ji ya yi shiru. Ni kuwa bakina ya ɓalle. Na yi ta tuna masa ƙuruciyarmu don ya tabbata ni ce: gidanmu na unguwar Birni a Damagaram, rijiyar da ya faɗa, sunan da Inna take kiransa, tabon ƙunar da ke ƙafarsa. Ban faɗa wa babanku ba. Tsoro nake ji ya ce mini ba shi ba ne.

Rannan sai ga rubutu: "Yaya, ni ne."

Ya ce ana riƙe da shi a wani wuri, ba halin magana, sai dai rubutu a ɓoye. To Sale bai taɓa taka lakwal ba, bai yi boko ko na rana ɗaya ba. Sunansa ma da ƙyar yake zanawa da ajami. Na san haka sarai. Amma kafin tambayar ta gama tasowa a raina na riga na ba kaina amsa, na ce ai shekaru sun yi yawa, a can ya koya. Mutumin bai ma wahala wajen yi mini ƙarya ba, ni nake yi masa ita.

Sai na ce bari in gwada shi, ni ga mai wayo. Na tambaye shi sunan da Inna take kiransa, ya ce Ɗanjuma. Na ce wace ƙafa ce mai tabo, ya ce ta hagu. Na zagaya bayan buhuna na yi sujada a kan ƙasa, tattasai yana shiga mini hanci. Sai daga baya, da na bi vokal ɗina na cikin wata biyun nan ina saurare, na ji ni da bakina na faɗa masa duka biyun, har da ranar da ya ƙone.

Ki riƙe wannan da kyau, lamba ba mutum ba ce. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓe abinsa ya sayar wa wani, lambar nan dai, sabon hannu. Ni ban sani ba sai da aka gaya mini, bayan na gama zuba. Kuma in mutum ya san sirrin gidanku, kada ki ce shi ke nan na gida ne. Ki fara tunanin ta ina sirrin ya fita. Sau da yawa ta bakinki ne, ko ta bakin uwarki.

Na nace sai na ji muryarsa ko sau ɗaya. Ya yi ta ja mini rai, ranar wata Juma'a da hantsi ya turo. Gajere ne ƙwarai, iska tana kaɗawa a bayansa: "Yaya, ina nan, ki yi haƙuri." Muryar Sale ce, wallahi tasa ce. Na saurara ya fi a ƙirga, ina wanki ina ji, ina tankaɗe ina ji. Amma akwai abin da yake sa tsigar jikina tashi, na kasa gane shi sai da aka kwana biyu. Sale ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya, hayaƙin banda ya ɓata masa maƙogwaro. Wannan muryar sumul take. Ko numfashi babu a cikinta. An ce yanzu akwai na'urar da za a ba ta maganar mutum kaɗan, ta koyi muryarsa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ni kuma na raba wa duniya bidiyonsa yana surutu. Ko hakan aka yi, ko wani ne mai iya kwaikwayo, Allah masani. Ke dai kada murya kaɗai ta ishe ki shaida, ko da tawa ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu, bai taɓa roƙona komai ba. Da ya roƙa wataƙila da na farka. Shi tambaya kawai yake yi, a hankali, irin ta mai kewar gida. Wa da wa ke gidan yanzu? Har yanzu ƙofar nan shuɗiya ce? In turo masa hotonta don in Allah ya kuɓutar da shi kada ya ɓata. Na fita da rana na tsaya tsakiyar titi na ɗauka, har da itacen bedin da ke gefe da shagon mai shayi.

Sai ya zo kanki. Ya ce yarinyar nan da yake saɓawa ta girma? Na ce har ta ci bak. Ya ce yana so ya gan ki, na tura hoton da kuka ɗauka ranar sakamako. Ya ce wahala ta sa ya manta sunanki na yanka, kullum Uwani yake ji. Ni da ban taɓa furta sunan nan ba, ko ranar da aka kai ki lakwal Ya Falmata ce ta faɗa wa malami ina tsaye ina kallon ƙasa, na rufe bakina da gyale na faɗa cikin waya. Sau biyu, don ya ji da kyau. Kunyar da na riƙe shekara goma sha tara, ga wanda na kwance wa ita. In na tuna har yanzu sai in ji kamar in tona ƙasa in shiga.

Sati uku da suka wuce ya ce zai sake waya, wasu lambobi shida za su shigo tawa bisa kuskure, in karanto masa. Suka shigo, na karanta. Kafin la'asar koren abin ya fitar da ni, na danna na danna ya ƙi. Na ɗauka rezo ne ya ɗauke, matsalar layi, na ce in kin samu sarari za ki duba mini, sai kuma kunya ta hana ni ba ki wayar don kada ki ga hirar. Kwana biyu ina zaune da waya a hannu, ashe wani ne yake ni. Yana cikin gurup na dangi da sunana da hotona, yana jin duk abin da ake faɗa. Lambobin nan da ke shigowa makullin ɗakinki ne. Ba a ba kowa, ko ya ce daga kamfani yake, ko ya ce malaminku ne, ko ya ce ni ce.

Rana ta uku gwaggonki Hadiza, wadda za ki zauna wurinta, ta kira ni daga Damagaram ta layi, ba ta koren abin ba. Ta fara da tsiya kamar yadda ta saba, wai yaushe na zama ƴar boko na bar vokal na koma rubutu. Ta ce wai na rubuto ina tambayar ranar da suke sa ran zuwanki, ita kuma ta amsa cewa ai ni na faɗa, Alhamis ta farkon wata, motar safe. Sai ta ce abu ɗaya ne ba ta gane ba.

"Kin ce kada in wahala zuwa tasha, kawunta zai ɗauko ta. Wane kawun?"

Ina tsaye a tsakar gida, ke kina can gindin famfo kina wanke hijabinki kina ƴar waƙa. Na zauna a kan turmi. Na ce mata ba ni ba ce. Ta ce ba ke ba ce kamar yaya, ga hotonki.

Ranar na faɗa wa babanku komai. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya daɗe yana kallon cikinta. Washegari muka je ofishin kamfanin layi. Matar da ke wurin ta duba ta ce layin Sale ya daɗe da komawa hannun wani, kuma ba ta da izinin faɗin sunan. Ta ce ko an faɗa ma ba lalle mai sunan ne yake riƙe da shi ba, mutane suna ara wa juna katin shaida a yanki layi. Ita ta maido mini da koren abin, ta sa na zaɓi wasu lambobin sirri na biyu, ta hana ni sa shekarar haihuwar kowa. Ke ma ki sa a taki tun kafin ki tafi. Kuma kada ki ba kowa katinki ya yanki layi da shi, ko ƙawa ce ta yi miki kuka, don duk abin da aka aikata da layin sunanki za a gani. Daga can babanku ya wuce ya kai rahoto, aka rubuta. Fentin ƙofar da kika ga an sake kina cewa launin bai yi ba, dalilinsa ke nan.

Babban kuskurena ba waya ba ce, ɓoyewa ce. Da tun ranar da alamar ta zama biyu na nuna wa mutum ɗaya, ko Ya Falmata ce da ba ta san bihim ba, da ta ce mini Balki, Sale ya iya rubutu? In wani ya ce miki a waya kada ki faɗa wa kowa, to a ranar za ki faɗa. Ki faɗa wa gwaggonki, ki faɗa wa babanku. Ba za a kashe ki ba.

Talatar da ta wuce wani mutum ya tsaya a rumfata. Ba yaro ba, ba tsoho ba, kaya masu tsabta, fuska irin wadda za ki gani ki manta. Ya sayi tattasai kaɗan, bai yi ciniki ba. Da zai tafi ya juyo ya ce a gaishe ki, ya kira sunanki na yanka, cikakke, har da na babanku. Kafin in tashi ya shige cikin mutane. Na tambayi Ya Falmata, ta ce ita ba ta lura da kowa ba. Mai yiwuwa malaminku ne na lise. Mai yiwuwa uban wata ƙawarki ne. Ban sani ba, kuma abin da ke hana ni sukuni ke nan, yanzu duk wanda ya gaishe ni sai in bi hannunsa da kallo in ga ko da waya.

To ga abin da muka yanke ni da babanku. Dangi da unguwa duk sun san Alhamis, a bar su a kan Alhamis. Ke Litinin za ki tafi, da babanku a kujerar gefenki, shi zai miƙa ki hannun gwaggonki a cikin gidanta. Kada ki ɗauki hoton tikiti, kada ki sa a waya cewa kin kama hanya, kada ki yi sallama a gurup. Ƙawayenki za su yi fushi, su yi, za su huce. In kin isa ma ba sai duniya ta san unguwar da kike da lokacin da kike fita ba. Babanku ya sayo miki sabon layi da sunanki, tsohon ki bar shi nan.

In kuma wata rana saƙo ya zo miki daga lambata, ko da muryata ce, cewa ki fito wani zai ɗauke ki, ko ki je wuri kaza, kada ki motsa. Ki kashe, ki kira babanku ta layi, ki kira gwaggonki, sai kin ji daga baki biyu. In wani ya tare ki ya ce shi ne kawunki, ya kira ki Uwani, ya ba ki labarin bakin Komadugu da ƙarnin kifi, ki shige cikin mutane ki ɗaga murya. Na san tarbiyyar da na yi miki, ba kya iya wuce babba yana magana. A wannan na yafe miki, ki wuce.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyi. Babanku yana zaton na goge lambar. Na ce masa na goge. Tana nan. Jiya da azahar na buɗe, ban tura komai ba, kallo kawai nake yi. Sai na ga a sama an nuna yana rubutu. Ya rubuta, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Ba abin da ya shigo. Ni kuwa, da duk abin da na gaya miki a takardar nan, na zauna riƙe da waya har aka kira la'asar, ina jira. Na san ba Sale ba ne, na sani kamar yadda na san sunana. Amma in ya sake cewa Yaya, ban amince da bakina ba, kuma yanzu ni kaɗai ce da babanku da gwaggonki muka san Litinin.

Na kai yatsa wurin gogewa ya fi sau goma. Hannuna ya ƙi. Gani nake ranar da na goge, ranar ƙanena ya mutu, kuma ni na rufe shi.

Don haka ina roƙon ki abin da uwa ba ta roƙon ƴarta. Gobe in na shiga wanka zan bar wayar a kan tabarma, a buɗe. Ki ɗauka ki toshe lambar, ki goge ta, ki goge hirar duka har da muryar. Kada ki saurara. Ki mayar inda kika ɗauka, kada ki ce mini kin yi, ni ma ba zan tambaya ba. In kin ga idona ya yi ja, tattasai ne. In kun kama hanya ki ce wa babanku na yarda, in ya dawo ya tara malamai a yi wa Sale addu'a da sadaka. Shekara nawa yana nema ina hanawa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da babanku lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya makantar da mai neman ki da sharri, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba mu. Allah ya ba ki abin da kika je nema, ya yi miki albarka. Ki yafe mini.

Mahaifiyarki,
Balki